Ku Tambaya Mu Amsa: Matar da Ta Gina Masallacin Dandaji

Wasiƙu uku na ware wannan makon, domin duk hoto ɗaya ne ya tayar da su: wani masallaci na jan bulo a wani ƙauyen Nijar da ke ta yawo a wayoyin mutane. Masu tambaya kan tsagewar bango da yoyon rufi su yi haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni ɗaliba ce, ina aji biyu a jami'a, ina karanta kwamfuta, amma raina yana kan zanen gine-gine. Mahaifina ya ce aikin maza ne, kuma wai duk wanda ya yi suna a cikinsa sai da ya bar ƙasarsa. An ce mini mace ce ta zana masallacin nan na Nijar. Wace ce ita, kuma ta wace hanya ta bi? Daga ɗiyarka a Jekadafari, Gombe.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Sunanta Mariam Issoufou. A rubuce-rubucen baya za ki ga ana kiranta Mariam Kamara, duk mutum ɗaya ce. Kuma ga abin da zai sa ki gyara zama: ita ma da kwamfuta ta fara.

An haife ta a 1979 a garin Saint-Étienne na Faransa, amma a Nijar ta tashi. Ta tafi Amurka ta yi digirin farko a fannin kwamfuta a Jami'ar Purdue, ta yi na biyu a Jami'ar New York, ta kuma shafe shekaru tana aikin rubuta manhaja ana biyanta albashi mai kyau. Sai da ta haura talatin sannan ta ajiye wannan duka ta koma aji, ta karanta zanen gine-gine a Jami'ar Washington da ke Seattle, ta gama a 2013. A 2014 ta buɗe ofishinta a Yamai, ta sa masa suna Atelier Masomi. Yanzu ofishin sunanta yake ɗauke da shi.

Aikin farko da ya sa aka fara ambatonta gidajen zama ne guda shida a wata unguwa ta Yamai, ana kiran aikin Niamey 2000, aka gama a 2016. Ba ita kaɗai ba ce, su huɗu ne a wata ƙungiya mai suna united4design. Matsalar da suka tunkara mun san ta a Bauchi da Gombe: gari yana ta shimfiɗuwa, kowa yana son fili ya zagaye da katanga, ma'aikaci mai matsakaicin albashi kuma ana ta tura shi bayan gari inda ba ruwa ba hanya. Sai suka haɗa gidajen kusa da juna, suka hau sama da bene, amma kowane gida da tsakar gidansa da wurin shan iska wanda maƙwabci ba ya leƙowa. Wato sun kiyaye sirrin gida irin wanda muka sani, ba su kwaso fulat irin na Turai sun dasa ba. Kuma da bulon ƙasa suka gina, ba na siminti ba. Aikin ya shiga jerin waɗanda aka tantance don lambar yabo ta Aga Khan ta zanen gine-gine a 2022.

Masallacin da kika gani kuwa yana Dandaji, a jihar Tawa. Garin yana da tsohon masallacin Juma'a na ƙasa wanda ya fara lalacewa, ya kuma yi wa jama'a kaɗan. Abin da aka saba yi a irin wannan hali kin san shi: a rushe, a zuba kankare, a kafa hasumiya a shafa koren fenti. Ita da abokiyar aikinta, Yasaman Esmaili 'yar Iran, suka ba da wata shawara dabam. A bar tsohon a tsaye, a gyara shi, a mai da shi ɗakin karatu, sannan a gina sabon masallaci mai ɗaukar mutum kusan dubu a gefensa. Aka sa wa wurin suna Hikma, aka gama a 2018. Cikin tsohon ginin aka saka kantocin littattafai da wurin zama a sama, ba tare da an taɓa ginshiƙai da bakan rufin ba. Akwai azuzuwan yaƙi da jahilci, kuma an tsara wurin yadda mata da yara za su riƙa shiga kullum, ba ranar Juma'a kaɗai ba. Ni a wurina wannan shawarar ta ƙin rushewa ta fi zanen kansa daraja. Ba ƙaramin aiki ba ne ka zauna da dattawan gari ka shawo kansu cewa ginin da suke gani ya tsufa shi ne dukiyarsu.

A garin dai ta zana kasuwa. Da kasuwar mako ce da ke ci a gindin wata tsohuwar bishiya, aka mai da ita ta kullum. Rumfunan na bulon ƙasa ne, inuwar kuma faya-fayan ƙarfe ne masu launi-launi da aka kafa a kan sanduna, wani sama wani ƙasa, iska na ratsawa. A wurin da bishiya ke wuyar girma, wannan dabara ce mai kyau.

To daga nan ne waje ya fara kira. Hikma ta ci lambar zinariya ta gidauniyar LafargeHolcim ta yankin Afirka da Gabas ta Tsakiya a 2017, ta ci ta azurfa a matakin duniya a 2018. A shekarar ne kuma shirin kamfanin Rolex mai haɗa masu tasowa da ƙwararru ya haɗa ta da David Adjaye, fitaccen mai zanen gine-gine ɗan asalin Gana da ya yi suna a Ingila, ya zama mai yi mata jagora. A 2019 ta karɓi lambar Yarima Claus ta ƙasar Holan. Ta koyar a Brown da Harvard, sannan a 2022 ta zama farfesa a ETH da ke Zurik a Suwizalan, ɗaya daga cikin manyan makarantun fasaha na duniya. Aka ba ta zanen gidan tarihi na Bët-bi a yankin Kaolack na Senegal, wanda aka tsara ɗakunan nuninsa a ƙarƙashin ƙasa, da cibiyar tsohuwar shugabar Laberiya Ellen Johnson Sirleaf a Monrobiya, inda ta yi aiki da Sumayya Vally 'yar Afirka ta Kudu. Akwai kuma aiki a Sharja, a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa.

Ki lura da jerin nan da kyau kafin ki kai wa mahaifinki. Yana da rabin gaskiya: a waje ta yi karatu, a waje take koyarwa, kuma karatun Amurka ba kuɗin kowa ba ne. Amma ba ginin da ta yi a New York ne ya sa aka san ta ba. Turawan da suka ɗauke ta farfesa ba su rasa masu iya gilashi da ƙarfe ba, suna da su har sun yi musu yawa. Abin da ba su da shi shi ne wanda ya san yadda za a sa mutum dubu su yi sallar Juma'a cikin zafin bazarar Tawa ba tare da na'urar sanyaya ɗaki ba. Wannan a Dandaji ta nuna shi, da ƙasar Dandaji, da maginan Dandaji. Wani abu kuma da nake yawan gaya wa yaran da ke zuwa horo wurina: ki bambanta hoton da kwamfuta ta zana da ginin da aka gama mutane suka shiga. Ayyukan Senegal da Laberiya a matsayin zane aka bayyana su ga duniya. Hikma da kasuwa da gidajen Yamai kuwa an yi damina a kansu. Da su ake auna ta.

Sai maganarki ke kanki, kuma nan ne nake so ki buɗe kunne. Kada ki ce za ki bi sawunta daidai, ki gama kwamfuta sannan ki tsallaka. A Amurka akwai digiri na biyu na kusan shekara uku da aka tanada don wanda ya fito daga wani fanni dabam, shi ta yi. A nan tsarinmu ba haka yake ba. Hukumar ARCON, wadda ke yi wa masu wannan sana'a rajista tun 1969, tana son digirin farko da na biyu duk a fannin, daga makarantar da ta amince da ita, sannan bautar ƙasa, sannan aiki a ƙarƙashin mai rajista, sannan jarrabawar ƙwararru. Saboda haka in da gaske kike, yanzu da kike aji biyu ne lokacin tambayar yadda ake canja fanni ko makaranta, ba bayan kin gama ba. Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa a nan Bauchi tana da sashen, haka ma Ahmadu Bello ta Zariya, wadda ita ce uwa a wannan fanni a ƙasar nan. Ki duba sakamakonki na lissafi da fiziks. Abin da kika koya na kwamfuta kuma ba zai tafi a banza ba, don yau da manhajojin zane irin su AutoCAD da Revit ake cin abinci a ofisoshinmu.

Shi kuwa Baba, ina jin ba zanen yake tsoro ba, filin aiki yake tsoro: rana, ƙura, leburori, tafiya garin da ba ki san kowa ba. Tsoron yana da tushe. Magina suna gwada duk wanda ya zo musu da takarda a hannu, namiji ko mace, mace kuma sun fi gwada ta. Na taɓa samun wata yarinya 'yar horo a wani aikin azuzuwa da muke dubawa. Ana shirin zuba kankaren linta, ta tsuguna ta zura ɗan yatsa tsakanin rodi da katako, ta ga rodin ya kwanta a kan katakon, babu tazarar da kankare zai lulluɓe shi. Ta ce a dakata. Babban magini ya yi dariya ya ce shekara nawa yana zuba linta. Ba ta yi musu ba, ta roƙe shi ya fasa mata 'yan ƙananan gutsattsarin kankare a saka a ƙarƙashin rodin, ta ce in ba haka ba tsatsa za ta ci shi ya fasa lintar daga ciki. Ya yi shiru, ya sa aka yi. Daga ranar Hajiya akitek yake kiranta, ko da yake ba ta je Makka ba, ba ta kuma gama makaranta ba. Ki gaya wa mahaifinki wannan, cikin ladabi, ki kuma nuna masa cewa a Legas akwai irin su Olajumoke Adenowo da Tosin Oshinowo da suka daɗe suna riƙe da ofisoshinsu.

TAMBAYA: Malam, ni magini ne, a hannun mahaifina na gaji sana'ar. Wannan bulon ƙasa da ake ta yabo, ba tubalin kakanninmu ba ne aka sake wa suna? Me ya sa idan mu muka yi ginin ƙasa sai a ce talauci ne, idan masu digiri suka yi sai a ba su kyauta a Turai? Daga wani magini a ƙaramar hukumar Ganjuwa.

AMSA: Sarkin aiki, ranka ya daɗe, tambayarka ta biyu ta fi ta farko zafi, amma bari in fara da ta farko.

'Yan'uwa ne, amma ba ɗaya ba ne. Tubali ka fi ni saninsa: a kwaɓa ƙasa da ciyawa, a tattake, a bar ta ta kwana ta ruɓa, a mulmula da hannu mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya a rana. A jera shi tsini sama, a cike da kwaɓi, bango ya fara da kauri a ƙasa yana sirancewa yana hawa. Shi kuwa wancan, ba a kwaɓa shi. Ana tankaɗe jan ƙasa a fitar da tsakuwa, a zuba siminti kaɗan, kamar kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari, a yayyafa ruwa ya ɗan yi danshi kawai, yadda in ka dunƙula a hannu zai kama amma ba zai jiƙa maka tafi ba. Sai a zuba a inji a matse da ƙarfi. Ba a gasa shi, ba a kuma shanya shi a rana nan take. Ana lulluɓe shi da leda ana yayyafa masa ruwa har wajen mako huɗu, don simintin ya kama. Abin da ake samu bulo ne mai kaifin baki, girmansa ɗaya, wanda zai ɗauki bene da bango marar kauri sosai, kuma ba ya neman yaɓe duk shekara. Hukumar binciken gine-gine da hanyoyi ta ƙasa, NBRRI, ta daɗe tana ƙera irin wannan inji.

Abin da suka haɗu a kai shi ne sanyi. Bangon ƙasa yana shan zafin rana a hankali, kafin zafin ya ratsa ciki dare ya yi. Bulon siminti mai rami da rufin kwano kuwa, duk wanda ya kwana a ɗakin haya a Gombe cikin watan Afrilu ba ya bukatar in yi masa bayani.

Amma kada kowa ya ji wannan ya ruga sayen inji. Ba kowace ƙasa ke yi ba. Baƙar ƙasar nan mai tsagewa da rani, wadda ke da yawa a sassan jihar Gombe, ba ta yi ko kaɗan, tana kumbura da ruwa tana ƙanƙancewa da fari. Gwajin farko ba ya cin ko sisi: ka sami kwalba mai haske, ka zuba ƙasar zuwa rabi, ka cika da ruwa da ɗan gishiri, ka girgiza sosai ka ajiye ta kwana. Yashi zai kwanta a ƙasa, mai laushi a tsakiya, yumɓu a sama. In yashin bai fi rabi ba, ko yumɓun ya yi yawa, sai an gauraya da yashi. Sannan ginin yana son harsashi na dutse ko kankare da ya ɗago sama da inda ruwa ke fantsama, da rufi mai baki ko indararo mai jefa ruwa nesa da bango. Maganar araha kuma a yi ta da hankali. In ƙasar tana kusa kuma aikin babba ne, ana samun sauƙi. In ɗaki biyu za ka yi, kuma sai ka yi hayar inji ka ɗauko ƙasa da tifa daga nesa, zai iya fin bulon simintin Ashaka tsada.

Yanzu ga mai zafin. Gaskiyarka, akwai rashin adalci a ciki, ba zan ɓoye ba. Amma raina ginin ƙasa ba daga Turai ya fi zuwa ba, daga cikinmu yake. Mu ne mai kuɗinmu in ya samu, abin da zai fara yi shi ne rushe soron kakansa. Mu ne iyayen yarinya ke tambaya ko gidan na siminti ne. Alhali a ƙaramar hukumarka, a Kafin Madaki, akwai ginin Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Gidan Madakin nan yana cikin na farko-farko da aka ayyana a matsayin kayan tarihin ƙasa, tun 1956, kafin 'yancin kai. Je ka tsaya ƙarƙashin bakan gizon rufin nan ka ɗaga kai. Azara ce da ƙasa kawai, an ɗaure su sun tsallake faɗin ɗaki ba rodi ko ɗaya. Ɗalibai nawa ne daga Bauchi suka gama digirin gine-gine ba su taɓa taka wurin ba?

Kuma ba masu digiri kaɗai ake ba kyautar ba. Masallacin Yaama, a jihar Tawa ɗin dai, magini irinka ne ya gina shi, Alhaji Falke Barmou, wanda ya fara aikin a 1962. A 1986 aka ba ginin lambar Aga Khan, tun Mariam tana 'yar shekara bakwai. Tsohon masallacin Dandaji daga wannan gidan sana'a ya fito, kuma da aka zo gyaransa, maginan da suka san shi tun asali aka kira suka shiga aikin. Su suka san yadda ake ɗaure rufin, su kuma suka koyi aiki da sabon bulo. Abin da nake zargin 'yan'uwana masu zane da shi a nan gida shi ne ba ma yin haka. Mukan zana a ofis, mu miƙa wa ɗan kwangila, magini kuma ya zama hannu kawai. Ilimin kayan yaɓe irin su makuba da laso da katsi yana tafiya kabari tare da tsofaffi, ba wanda ya zauna ya auna ya rubuta. In kana da ɗa ko yaron aiki mai boko, ka sa shi ya riƙa ɗaukar hoton kowane mataki na aikinka yana rubuta ma'aunin kwaɓin.

TAMBAYA: Mun yi gardama a majalisa. Wani ya ce ita ce 'yar Afirka ta farko da ta ci babbar kyautar masu zanen gine-gine ta duniya. Haka ne? Daga mai karatu a Azare.

AMSA: A'a, abokin gardamarka ya haɗa mutum biyu. Kyautar da yake nufi ita ce Pritzker, wadda aka fara bayarwa a 1979, kuma ɗan Afirka na farko da ya ci ta shi ne Diébédo Francis Kéré na Burkina Faso, a 2022. Mace ta farko kuwa Zaha Hadid ce, haifaffiyar Bagadaza, a 2004.

Haɗa su ba abin mamaki ba ne, don hanyarsu ta yi kama. An haifi Kéré a ƙauyen Gando a 1965, ya fara da aikin kafinta, ya sami tallafin karatu zuwa Jamus, ya karanta zanen gine-gine a Balin. Tun yana ɗalibi ya tara kuɗi ya koma ya gina wa ƙauyensu makarantar firamare da bulon ƙasa, aka gama a 2001, mutanen gari maza da mata suka yi aikin da hannunsu. Dabarar da aka fi saninsa da ita tana rufin: ya yi silin na bulo, sannan ya ɗaga kwanon sama da shi a kan siraran ƙarafa, ya bar fili a tsakani. Kwanon ya yi zafinsa can sama, iska ta ratsa ta kwashe, bakinsa mai faɗi kuma ya kare bango daga ruwan sama. Makarantar ta ci lambar Aga Khan a 2004. Ofishinsa yana Balin, ya yi rumfar Serpentine a Landan a 2017, kuma shi ya zana sabon ginin majalisar dokokin Jamhuriyar Benin a Porto-Novo. In goro kuka sa a gardamar, kai ne da shi.